Gari da Ofishinsa: Haɗe Gundumomi da Raba Su a Arewacin Zazzau



Bahaushe bai rasa kalmomin da zai bayyana mutuwar gari da su ba. Idan yaƙi ko yunwa ko annoba ta watsa mutane suka bar mazauninsu, sai ya ce wurin ya zama kufai; idan gini ya rage amma babu mai kwana a cikinsa, ya ce kango. Duk wanda ya taɓa zuwa tsohuwar Turunku, inda labarin baka ya ce nan sarautar Zazzau ta zauna kafin ta dawo gindin Kufena, ya ga abin da ake nufi da kufai: ganuwa ta zube ta zama tudu, ana noma a inda a da ake fadanci. Wannan mutuwa ce da ido yake gani. Amma akwai wata iri wadda har yanzu ba mu raɗa mata suna ba, ko da yake ta sha aukuwa a gabanmu. Gari yana nan daram, kasuwarsa tana ci, ladan yana kiran salla, ana suna ana aure, sai kurum a wayi gari a ji a rediyo cewa an ɗauke ofishinsa an haɗe shi da na maƙwabcinsa. Ba a rushe ko ɗaki ɗaya ba, amma a takardun hukuma garin ya daina zama kansa, ya koma yanki na wani. A kan wannan nake so in yi magana yau, kuma zan fi tsayawa a ƙasar da na fi sani, watau arewacin Zazzau, wajen Ikara da Makarfi da Kudan.

Kafin mu shiga gida, ina roƙon ku yi haƙuri mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin can ne aka yi wannan aiki da gangan har sau uku, aka kuma ajiye lissafinsa. Ƙasar ita ce Japan. A cikin shekarar 1888 tana da garuruwa da ƙauyuka 71,314, kowanne da hukumarsa. Kafin ƙarshen 1889 gwamnatin Sarki Meiji ta harhaɗe su sun koma 15,859, domin tana so kowace hukuma ta iya riƙe makarantar firamare, ta tara haraji, ta rubuta haihuwa da mutuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake, daga 1953 zuwa 1961, adadin ya sauko daga 9,868 zuwa 3,472. Ma'aunin da aka yi amfani da shi a lokacin shi ne mutum kamar dubu takwas, watau yawan jama'ar da za su iya riƙe ƙaramar sakandare. Karo na uku shi ne na zamaninmu: a 1999 akwai hukumomi 3,232, zuwa 2010 saura 1,727. Dalilin wannan karo ya bambanta. Haihuwa ta ragu, samari sun tafi birane, ƙauyuka sun cika da tsofaffi, bashi kuma ya yi wa gwamnati katutu. Sai ta yi wa garuruwa tayi: duk waɗanda suka yarda suka haɗe, za a bar musu tallafinsu yadda yake har shekara goma, a kuma ba su damar cin bashin gine-gine wanda gwamnatin tsakiya za ta ɗauki nauyin kashi 70 cikin 100 na biyansa.

Bari in ɗauki gari ɗaya domin kada lissafi ya rufe mana fuskar mutane. A gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan, a lardin Miyagi, akwai wani garin masunta mai suna Ogatsu. Ban da su, an san shi da wani baƙin dutse da ake sassaƙa abin niƙa tawada da shi, sana'ar da duk almajirin da ya taɓa dafa tawada zai gane darajarta. Ran 1 ga Afrilu 2005 aka haɗe Ogatsu da wasu garuruwa biyar cikin birnin Ishinomaki. Majalisar garin ta tashi, shugabansa ya sauka, ofishinsa ya koma reshe. Shekara shida bayan haka, ran 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa ta share tsakiyar garin. Da aka zo sake gini, sai ga shi ana yanke shawarar inda mutanen Ogatsu za su zauna daga wani ofishi mai nisa da su, wanda shi ma yana fama da ɓarnar cikin birni. Garin da ke da mutum kimanin dubu huɗu kafin ruwan, yau bai kai rabin haka ba. Masu bincike da dama a can sun yi ta muhawara ko haɗewar ta ƙara tsananta abin, tun da ta rage ma'aikatan da suka san kowane gida da mai shi. Ba zan yanke musu hukunci ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ranar da aka haɗe garin babu wanda ya ji ciwo. Sai ranar da wahala ta zo aka san abin da aka ɗauke.

To, mu dawo gida. Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne gunduma, yadda muka san ta, ba tsohuwar aba ba ce. Kafin zuwan Turawa, hakiman Zazzau a birni suke zaune kusa da Sarki. Kowane mai babbar sarauta, Madaki ne ko Galadima ko Wambai ko Ɗan Galadima, yana da garuruwan da aka ba shi riƙo, amma a warwatse suke, wannan a arewa wajen iyakar Kano, wancan can kudu, tsakaninsu kuwa garuruwan wani ne. Hakimi ba ya zuwa da kansa. Jakadansa yake aikawa ya karɓo kuɗin ƙasa da zakka, ya kai saƙo, ya kawo labari. Sarkin gari kuwa yana nan cikin ganuwarsa, shi ya san gonaki da masu su. Watau ke nan gari yana bin mutum ne, wanda shi ne ƙofarsa zuwa fada. Idan ubangidansa ya faɗi, sai a ba wani riƙonsa, garin bai motsa ba, sunansa bai canja ba. Mai son cikakken bayanin wannan tsari sai ya duba littafin M. G. Smith a kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda aka buga a 1960.

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Wannan tsari na garuruwa a warwatse bai yi musu ba ko kaɗan, saboda dalili ɗaya: ba ya lissafuwa. Razdan yana so ya shimfiɗa taswira, ya ja layi, ya ce daga nan zuwa nan mutum kaza ne, harajinsu fam kaza, kuma wane ne zai amsa tambaya in kuɗi bai cika ba. Saboda haka, wajen 1907, aka yanyanka ƙasa aka yi gundumomi masu iyaka, aka kori jakadu, aka umurci hakimai su bar birni kowa ya koma ya zauna a tasa. Ni da yake harshe ne fagena, ina jin daɗin kalmar da Hausawa suka zaɓa wa wannan sabon abu. In an ce an gunduma wa mutum nama, to an yanko masa babban yanki ke nan an miƙa masa. Mutanen lokacin sun ga abin da ake yi da idonsu, suka kira shi da sunansa.

Da farko gundumomin suna da yawa, wasu ƙanana ƙwarai, domin sai da aka nema wa masu sarauta da yawa wurin zama. Amma da aka kafa baitulmali aka yanka wa hakimai albashi, sai kowace gunduma ta zama nauyi a kan asusun En'e: ga albashin hakimi, ga na malamin haraji, ga dogarai, ga gyaran gida. Daga nan sai aka shiga haɗewa. Galibi ba a yin abin da garaje. Jira ake yi hakimi ya rasu, ko a tuɓe shi, sa'an nan Razdan ya ba Sarki shawara kada a naɗa wani, a raba ƙasar ga maƙwabta ko a jingina ta ga ɗaya. Ta haka, zuwa 1950, gundumomin masarautar Zazzau duka ba su kai ashirin ba, kuma a wannan ɓangare namu sunayen da suka tsaya a takarda su ne Ikara da Makarfi da Kubau. Tsofaffin garuruwa masu ganuwa da jerin sarakuna suka tsinci kansu suna kai haraji da gaisuwa wani garin da suke ganin bai girme su ba. Mafarin tsamin da ake ji har yau tsakanin wasu maƙwabta ke nan, kuma duk ma'aikacin da aka tura yankin da bai san wannan ba, zai yi ta mamakin abin da ya sa taron rijiyar burtsatse yake komawa gardamar wa ya riga wa zama.

Kada in zarce da yawa, ofishi ba shi kaɗai ke ɗaga gari ko ya kwantar da shi ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta bi ta Likoro da Gimi, ta jawo musu 'yan kasuwar auduga da gyaɗa. Ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya zuwa Jos ta Soba da Dutsen Wai ya yi aiki daga 1914 har aka rufe shi a 1957, tashoshinsa suka yi sanyi. Tashar Yari kuwa titin mota ne ya raya ta. Raken Makarfi da mazarƙwailarta, tumatirin Ikara da Hunkuyi, da inabin da Kudan ta yi suna da shi a 'yan shekarun nan, babu wanda ya jira takardar gwamnati kafin ya tsiro. Na faɗi wannan ne domin in iyakance da'awata. Haɗewa ba ta kashe kasuwa. Abin da take taɓawa daban ne, za mu zo kansa.

Bayan samun mulkin kai, sojoji suka fara rage wa En'e ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Babban gyara kuwa shi ne na 1976, zamanin Janar Obasanjo, wanda ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, guda 301, aka ce kowacce ta kasance da mutane tsakanin 150,000 da 800,000. Jihar Kaduna ta lokacin, wadda ta haɗa da Katsina har zuwa 1987, ta sami goma sha huɗu, bakwai a tsohon Lardin Katsina, bakwai a na Zazzau. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ikara, kuma a ƙarƙashinta aka tara duk ƙasar da yau ta zama ƙananan hukumomi huɗu. Mutumin Likoro da na Anchau da na Gubuchi da na Paki duk Ikara suke nufa in suna da magana da hukuma.

Sai kuma wani abu ya faru wanda, a ganina, shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya, ko da yake ba a cika haɗa shi da wannan magana ba. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili, domin wanda ya ji labarin yadda ake ƙulle magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba zai yi kewar abin ba. Amma ku dubi abin da ya canja. Tun 1907 kuɗi daga ƙasa yake hawa sama: daga mai unguwa zuwa sarkin gari, zuwa hakimi, zuwa baitulmali. A irin wannan tsari, mai mulki yana son ofisoshi kaɗan, domin kowane ofishi yana rage abin da zai isa gare shi. Talaka shi ma ba ya ɗokin hakimi ya matso kusa da rumbunsa. Da kuɗin man fetur ya zama shi ne abincin gwamnati, sai ruwan ya juya, kuɗi ya riƙa gangarowa daga Ikko, daga baya daga Abuja. Yanzu ofishi ya zama mazurari. Garin da ke da shi yana samun kaso, da ayyukan yi, da kwangila, da sakatariya mai rufin kwano. Wanda ba shi da shi sai abin da aka rage. Abin da kakanni suke gudu, jikoki suka shiga rubuta takardun koke suna nema.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon. A Jamhuriya ta Biyu majalisun jihohi suka yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, har adadin ya ninka na 1976 fiye da sau biyu, yawancinsu ba su iya biyan malaman firamare. Da Janar Buhari ya karɓi mulki, a 1984 ya soke su duka da alƙalami ɗaya aka koma 301. Wannan ita ce haɗewa mafi girma da aka taɓa yi a tarihin Nijeriya, kuma ba a tambayi kowa ba. An sauke allunan da aka kafa a bakin gari, an kwashe kujeru da keken rubutu an mayar hedkwata. Sa'an nan sojojin da suka soke su ne kuma suka dawo suna ƙirƙirowa: Janar Babangida ya ƙara a 1989 da 1991 har suka kai 589, Janar Abacha ya cike su 774 a 1996. A wannan rabo ne Makarfi ta fita daga Ikara, ta shiga ƙidayar jama'a ta 1991 da sunanta. A 1996 kuma aka cire Kubau daga Ikara, aka cire Kudan daga Makarfi.

Akwai wani abin lura a rabon 1996. Ƙaramar Hukumar Kudan hedkwatarta tana Hunkuyi. Ta Kubau kuma tana Anchau. Wani gari ya ɗauki suna, wani ya ɗauki ofishi. Ko mene ne aka tattauna a ɗakin da aka yanke wannan, sakamakon ya nuna cewa abu biyu ake jayayya a kansu a duk lokacin da aka zo haɗa garuruwa ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma ana iya raba su. Japanawa sun sha wannan gardama. Da aka haɗe Urawa da Omiya da Yono a 2001, babu wanda ya yarda ya shiga ƙarƙashin sunan ɗan'uwansa, sai aka ɗauki sunan lardin, Saitama, aka bar ofishi a Urawa. Mu ma Zazzagawa mun san zafin rasa suna. Garin da Abu Ja, ƙanen Sarki Makau, ya kafa a 1828 bayan Haɓe sun bar Zariya, ya riƙe sunan Abuja shekara kusan ɗari da hamsin. Da dokar 1976 ta kafa sabon babban birnin Tarayya, sai aka karɓi sunan aka ba birnin da ba a ma gina ba tukuna, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau yaro zai gama sakandare a Abuja bai san aro aka yi ba.

Tsarin Mulki na 1999 ya zo ya kulle ƙofa. An jera sunayen ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya a cikinsa, saboda haka ƙara ɗaya ko rage ɗaya sai an bi ta ƙuri'ar raba gardama da majalisar jiha da Majalisar Tarayya. Jihar Legas ta gwada, ta ƙirƙiro 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, aka je Kotun Ƙoli a 2004, daga bisani sababbin suka koma yankunan raya ƙasa. To, tun da an rufe wannan hanya, buƙatar kuwa ba ta mutu ba, ina za ta bi? Sai ta gangara kan gunduma, domin ita dokar jiha ce ke riƙe da ita, gwamna yana iya yi yana iya warwarewa.

Kafin 2001 Jihar Kaduna tana da gundumomi 77 da dagatai 1,429. Gwamnan lokacin, Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, wanda ɗan wannan yanki ne da muke magana a kai, bayan rikicin shekarar 2000 ya girgiza jihar, ya ƙirƙiro sababbin masarautu, musamman a kudu, domin kwantar da tsohon ƙorafin al'ummomin da ke cewa ana mulkinsu daga nesa. Tare da masarautu aka buɗe ƙofar gundumomi, kuma da ta buɗu ba ta rufu ba. Zuwa 2017 gundumomi sun kai 390, dagatai 5,882. A watan Yuni na wannan shekara gwamnatin Malam Nasiru el-Rufa'i ta ba da sanarwar komawa adadin kafin 2001. Hakimai 313 da dagatai 4,453 suka rasa kujerunsu. In kun raba bisa ƙananan hukumomi 23, za ku ga daga kamar hakimai goma sha bakwai a kowacce an koma kamar uku. Hujjar da aka bayar ita ce ƙananan hukumomi ne ke biyan albashin hakimai da ma'aikatansu, nauyin kuma ya hana su yin wani aiki. Ku tuna farashin mai ya faɗi tun 2014, tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi a 2016. Watau dai hujjar Razdan ce ta zamanin baitulmali, ta dawo bayan shekara ɗari da sabuwar riga.

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda na san ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Gunduma 390 ta yi yawa. Da dama daga cikinsu ladan siyasa ne, wasu ba su wuce ƙasar dagaci ɗaya ta da ba, kuma ba daidai ba ne kuɗin da ya kamata ya sayi alli da maganin zazzaɓi ya ƙare a albashin fadawa. Mai cewa a rage yana da gaskiya. Amma mai cewa ba a rasa kome ba, shi bai zauna a ƙauye ba. Aikin hakimi bayan soke haraji bai ƙare ba, sauyawa ya yi. Shi ne ke sa hannu a takardar shaidar asali kafin yaro ya nemi makaranta ko aikin soja. Gabansa ake kai rikicin iyakar gona da rabon fadama, da ɓarnar da shanu suka yi, kafin abin ya kai ga 'yan sanda ko ga adda. Da shi ma'aikatan lafiya suka shiga gidajen da suka ƙi rigakafin shan inna. Shi ake gaya wa in an ga baƙuwar fuska a daji, kuma a shekarun da suka biyo bayan 2017 kowa ya san nauyin wannan a Jihar Kaduna. Idan hakimi yana garinku, da ƙafa za ka je bayan sallar la'asar, ya san ubanka, ya san gonar da ake magana a kai. Idan an mayar da shi gari na uku, sai ka biya kuɗin babur zuwa da dawowa, wataƙila ka tarar ya tafi Zariya, kuma in ka same shi sai ka fara da gaya masa ko kai wane ne. Mai kuɗi ba ya jin wannan. Gwauruwar da ake so a cinye wa gonar marayu ita ke ji.

Abin da ya fi damuna kuwa ya wuce adadi. Ku bi jerin shekarun nan: 1907, 1976, 1984, 1991, 1996, 2001, 2017. A cikinsu babu ko ɗaya da aka tara mutanen gari aka ce, ga abin da riƙe ofishinku yake ci, ga abin da za ku samu in kun haɗe da maƙwabta, me kuka gani? Da rabawa da haɗewa duk daga sama suke saukowa kamar ruwan ƙanƙara. Ko maƙwabtanmu na Kano haka suka gani da masarautu: an yi huɗu sababbi a 2019, an soke su a watan Mayu 2024, kowanne cikin 'yan kwanaki. Ba na cewa Japan aljanna ce. Gwamnatinsu ta yi amfani da kuɗi ta matsa wa ƙananan garuruwa, kuma da yawa sun haɗe ne don ba su da zaɓi. Amma doka ta bar hukunci a hannun majalisun garuruwan, an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a wurare masu yawa, har wani ƙaramin gari mai suna Yamatsuri, a lardin Fukushima, ya fito fili a 2001 ya ce shi ba zai haɗe da kowa ba, ya rage kashe kuɗinsa, aka kuma ƙyale shi. Dalilin da ya sa suke iya wannan shi ne mutumin garin yana biyan haraji ga garinsa, saboda haka ya san farashin ofishin da yake so a bar masa. Mu kuwa tun 1979 ba mu san farashin ba, shi ya sa kowa yake so, shi ya sa kuma ba a ganin wajibi ne a tambaye mu in za a ɗauke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa. Amma fa sai in ana ɗaukarsa mai ɗakin. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya taɓa hanyar da kuɗin ke bi ne kawai, bai taɓa inda yake fitowa ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi kusa da aikinmu na jami'a. Takarda tana bin ofishi. A zamanin Turawa kowace gunduma tana da littafinta, inda Di'o yake rubuta sunayen garuruwa da asalinsu da jerin sarakunansu da yawan shanu da ranar kasuwa, ga kuma rahotannin kimanta haraji. Don kuɗi aka rubuta su, kuma cike suke da son zuciyar marubutansu, amma albarkacinsu ne ɗalibi zai shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ya sami abin da zai kwatanta da abin da tsofaffi suka gaya masa. Garin da ya rasa gundumarsa da wuri, sai ka ga labarinsa ya tsinke a fayil, ya koma layi biyu a cikin labarin wani. A Japan, garuruwa da yawa da za a haɗe sai da suka yi bikin rufe ofishi, suka buga littafin tarihin garin, sunan kuma aka bar shi a cikin adireshi. Har gobe wasiƙar da za ta je Ogatsu tana ɗauke da sunan Ogatsu bayan na Ishinomaki.

Bayan na dawo daga karatu a waje, na tafi wani gari a wannan yanki namu, ba zan faɗi sunansa ba, ina neman wasiƙun da ake rubuta wa hakimai, domin ina nazarin irin Hausar da talaka yake kai kuka da ita. Gundumar tana cikin waɗanda aka soke. Ofishin ɗaki biyu ne, an sa masa kwaɗo, awaki suna kwance a barandar. Da ƙyar aka samo tsohon magatakarda, wanda ya koma noman rake. Ya ce ba wanda ya zo ya karɓi takardun, ba wanda ya ce masa ga inda zai kai su, shi kuma ya ji tsoron a ce ya taɓa kayan gwamnati, sai ya ɗura su a buhunan taki guda uku ya jingine a kusurwa. Da muka kwance na farko, gara ta riga mu, ya zama ƙasa. Na biyu ruwa ya shiga, shafuka sun manne. A na uku muka sami abin da ya tsira: rajistar sasanta rikicin gonaki ta shekara goma sha ɗaya, da sunayen shaidu da iyakoki, wannan daga tsamiya zuwa rafi, wancan daga suri zuwa hanyar shanu, da wasiƙu kamar saba'in, wasu da boko wasu da ajami. Na tambaye shi, in ɗaya daga cikin waɗannan rikice-rikice ya sake tashi, sabon hakimi ya san akwai wannan littafi? Ya ce sabon hakimi bai taɓa tambaya ba. Muka ɗauki hoton shafukan da waya har batir ya mutu, muka kai shafi na tamanin da huɗu, sauran muka mayar cikin buhu.